Kafin ka fuskanci oga: Yadda ɗalibai ke atisayen magana mai nauyi da mutum-mutumin kwamfuta

A ce kai ɗalibi ne da aka tura koyon aikin lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Shanga. Wata uwa ta shigo da ɗanta ɗan shekara biyu, jikinsa zafi rau. Babban jami'in da ke kula da kai ya rubuta magani ya miƙo maka kati. Kana dubawa sai ka ga adadin da ya rubuta na babban mutum ne. Mutumin nan ya haife ka a shekaru, shi ne kuma zai sa hannu a littafin shaidar aikinka ƙarshen wata. Ga marasa lafiya cike da benci sun zuba muku ido. Me za ka ce masa, kuma da wace kalma za ka fara?

Da a takardar jarabawa aka yi wannan tambaya, yawancinmu za mu ci. Mun san adadin maganin, mun san kuskure ne. Abin da ke gagarar mu shi ne buɗe baki. Makaranta ta koya mana lissafin magani, ta koya mana tsara darasi da rubuta rahoto, amma jimlar da za mu faɗa wa na gaba da mu ranar da ya yi kuskure, wannan kowa shi ke nemo wa kansa. Sau da yawa kuma a ranar farko ake nemanta, lokacin da ƙirji ke bugawa.

Wannan giɓin ne wasu jami'o'i a ƙasashen waje suka fara cikewa da wata dabara: su sa ɗalibi ya yi maganar mai nauyi da mutum-mutumin kwamfuta tukuna, kafin ya yi ta da mutum na gaske.

Wane ne a bayan allon?

Duk mai amfani da Facebook ko WhatsApp ya san hoton zanen nan da mutum ke ƙirƙira wa kansa, ya zaɓa masa hula da gemu ko ɗankwali. To, a ƙaddara irin wannan hoto yana motsi, yana magana, yana iya ɓata rai ya katse ka. Shi muke nufi da mutum-mutumin kwamfuta.

Wanda ya fi shahara a fagen ilimi shi ne TeachLivE, wanda malamai uku, Lisa Dieker da Michael Hynes da Charles Hughes, suka ƙirƙiro a Jami'ar Central Florida da ke birnin Orlando a Amurka. Ɗalibi mai koyon aikin malanta zai tsaya gaban babban allon talabijin mai kyamara da makirufo. A kan allon akwai aji mai yara biyar, kowa da halinsa: wannan sarkin surutu, wancan ba ya son a kira sunansa, waccan hankalinta na kan waya. Malamin gobe zai fara darasi, yaran su fara gwada shi. Idan abu ya rikice masa, yana iya cewa a dakata, ya numfasa, a sake daga farko. Ba yaron kowa da ya rasa darasi, ba kuma wanda ya ji kunya a gaban aji na gaske.

Ga inda abin yake da ban sha'awa. A tsarin da aka fara da shi, ba kwamfuta ce ke tunanin amsar yaran ba. Mutum ne guda ɗaya, ƙwararren ɗan wasan kwaikwayo, yana zaune a wani ɗaki, wani lokaci ma a wani gari, yana kallon ɗalibin ta kyamara, yana sauya murya yana motsa yaran biyar ɗin. Malamin kwas ne ke gaya masa ya sassauta ko ya tsananta. Daga baya kamfanin Mursion da ke San Francisco ya karɓi lasisin fasahar, ya faɗaɗa ta zuwa wasu fagage: malami da mahaifin da ya zo makaranta a fusace, shugaban makaranta da malamin da ba ya zuwa aiki a kan lokaci, manaja da ma'aikacin da za a gaya masa aikinsa bai yi kyau ba. Kowane zama bai cika wuce minti goma ba.

Shin yana aiki? Akwai wani bincike da ya kamata a tsaya a kansa. Julie Cohen da Vivian Wong da abokan aikinsu a Jami'ar Virginia sun wallafa shi a 2020. Sun sa ɗalibai masu koyon malanta su yi atisayen dawo da hankalin yaran da ke wasa a aji. Bayan zagaye na farko, sai aka raba su: wasu aka bar su su yi nazarin kansu da kansu, wasu kuma aka haɗa su da mai horarwa na 'yan mintoci, ya nuna musu inda suka kauce da abin da za su gwada. Da aka sake zagaye na biyu, waɗanda suka samu mai horarwa sun yi wa sauran fintinkau. Wato allon shi kaɗai bai isa ba. Mutumin da ya zauna da kai ya ce "ga inda ka yi kuskure, sake" shi ne ƙashin bayan abin. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba yau aka fara ba

Likitoci sun riga malamai. A 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, Howard Barrows, a Jami'ar Southern California, ya horar da wata mata lafiyayya ta riƙa kwaikwayon mai shanyewar ƙafafu, ɗalibansa su duba ta, ita kuma ta faɗi yadda suka yi. Da farko abokan aikinsa da dama sun ɗauki abin wasa. Yau ga shi ya zama ruwan dare a makarantun likitanci na duniya. A shekarar dai ta 1963 ne aka fara ƙaramin darasin gwaji a Jami'ar Stanford, wanda har gobe ɗaliban NCE ke yi a kwalejojinmu kafin su fita koyarwar gwaji.

Amma labarin da ya fi taɓa mu na matuƙa jirgin sama ne. Ranar 27 ga Maris, 1977, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, cikin hazo. Mutum 583 suka mutu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Kyaftin ɗin KLM ba ƙaramin matuƙi ba ne, shi ne babban mai horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa lokacin da jirgin ya fara gudu, injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari. Injiniyan bai sake cewa komai ba. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan nan aka yi karon.

Daga wannan da wasu haɗurra irinsa ne kamfanonin jiragen sama suka gane cewa iya tuƙi bai wadatar ba. Tun farkon shekarun 1980 suka shigar da horo na musamman, inda ake sa ƙaramin matuƙi a cikin na'urar kwaikwayon jirgi ya koyi yadda zai ce wa babba "tsaya", babban kuma ya koyi saurare.

Mu da muke bakin ruwa ba sai an kai mu Tenerife ba. Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa na katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya nutse a Kogin Kwara. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta ce yana ɗauke da mutum kusan 180, fiye da ƙarfinsa, kuma a ranar kusan 20 kacal aka ceto da rai. Akwai tsufan jirage, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, akwai ƙarancin rigar kariya, duk waɗannan aikin hukuma ne da masu jirage. Amma duk wanda ya taɓa shiga jirgi ranar kasuwa ya san wani abu kuma: kana ganin ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi ana ta ƙara buhuna da babura, zuciyarka na cewa ka yi magana, bakinka ya ƙi. Kar a ce ka cika tsoro. Kar a ce yaro ya yi wa manya fitsara.

Mutum-mutumin bai san kunya ba

Matasan Yauri da Ngaski da Shanga suna watsuwa neman ilimi: wasu a kwalejin COBAS da ke nan Yelwa, wasu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wasu a kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, wasu a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero, wasu kuma sun tsallaka New Bussa koyon kiwon kifi. Kowannensu akwai ranar da za a tura shi wani wuri da takarda a hannu, ko koyarwar gwaji, ko SIWES, ko kuma bautar ƙasa bayan mako uku a sansani irin na Dakingari. A nan ne zai haɗu da hedimastan da ke son a ƙara wa ɗan wane maki, ko akawun da ke son ya sa hannu a kan kayan da ba su iso ba, ko uban da ya zo cire 'yarsa daga aji.

Mai karatu zai ce, to a kawo mana na'urar mana. Akwai matsala biyu. Ta farko kowa ya san ta: abin na buƙatar wuta tsayayya, intanet mai ƙarfi, da kuɗin lasisi da ake biya da dala. Madatsar Kainji dai maƙwabciyarmu ce tun 1968, amma ba sai mun gaya wa ɗan Yauri yadda ake fama da wuta ba.

Ta biyun ta fi zurfi. An gina waɗannan darussa ne a kan ɗabi'ar mutanen da suka ƙirƙiro su. A can, kallon mutum ido cikin ido alamar gaskiya ce, kiran oga da sunansa na yanka ba laifi ba ne, shiga magana kai tsaye kuma girmama lokacinsa ne. Ɗalibin da ya ɗauko wannan ya kai ofishin wani dattijo a Yelwa, kafin ya gama jimlar farko an rufe kunne. Mu a nan sai ka yi sallama, ka gaisa, ka tambayi gajiya da iyali, ka rusuna, ka nemi a keɓe. Ba a gyara wa babba a gaban jama'a. Sau da yawa ma ba kai za ka faɗa ba, sai ka nemi wanda yake jin nauyinsa ya isar.

Ba mu ɗauki wannan a matsayin rauni ba. Hikima ce, kuma tana buɗe ƙofofin da tsaurin ido ke rufewa. Sai dai tana da haɗarinta, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya: wani lokaci mukan lulluɓe magana da ladabi har ta ɓace a ciki. Ka fito kana cewa ai na gaya masa, shi kuma bai ma san an gaya masa komai ba. Injiniyan Tenerife ma tambaya ya yi, cikin ladabi.

Abin da ake koya wa matuƙa da ma'aikatan asibiti a ƙasashe da dama shi ne hawa magana mataki-mataki: ka fara da tambaya, in ba a ji ba ka faɗi abin da ka gani, in har yanzu ba a ji ba ka faɗi abin da kake tsoro kuma ka tsaya. Wannan tsanin yana hawuwa da Hausa sarai. Mu koma asibitin Shanga. Ɗalibin zai matsa kusa, ya rage murya yadda na benci ba za su ji ba:

"Ranka ya daɗe, don Allah a ɗan duba mini katin nan. So nake in tabbatar da nauyin yaron kafin in ba da maganin."

Idan oga ya ce "ba shi kawai, ina da aiki," sai mataki na biyu: "Yallaɓai, yaron kilo 11 ne, abin da ke rubuce kuma kamar na babba ne."

Idan ya ɗaga murya ya ce yaushe aka haife ka, sai na uku, wanda shi ne mai wuyar: "A gafarce ni, Baba. Ina tsoron ya cutu, ba zan iya ba shi haka ba. Don Allah mu sake lissafawa tare."

Babu zagi a ciki, babu raini, amma kuma babu wurin ɓuya. Karanta shi a jarida abu ne mai sauƙi. Faɗinsa a gaban mai furfura da ya haɗe rai, ba tare da murya ta yi rawa ba, sai wanda ya taɓa faɗi sau biyar ko goma a inda ba a mutuwa.

Akwai wata magana mai nauyi da ta fi shafar 'yan mata. A 2019 shirin BBC Africa Eye, ta hannun 'yar jarida Kiki Mordi, ya fallasa yadda wasu malamai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana ke neman ɗalibai mata da lalata. Ɗalibar da mai sa mata hannu ya ce ta same shi bayan an tashi aiki, ita kaɗai, tana buƙatar jimlar da ta riga ta shirya: "Malam, zan zo gobe da safe tare da ƙawata, in sha Allah." Tana buƙatar sanin cewa ba ta share saƙonninsa, da sanin wa za ta kai wa ƙara. Atisaye ba ya mayar da laifin kanta, laifi na mai yi ne, hukunta shi kuma aikin makaranta ne. Abin da atisaye ke yi shi ne hana bakinta mutuwa a daidai lokacin da take buƙatarsa.

Labule da waya

Kwaikwayo don gyara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a yi dariya, amma mai hankali ya tsinci saƙonsa. A tashe yara kan zama tsoho, su zama mai magani, su zama miji da mata, suna gwada rayuwar manya tun kafin su isa. Abin da ya rage shi ne mu ɗauko wannan mu kai shi aji da niyya.

Mu tuna abin da ke cikin na'urar Amurkawan idan aka cire allon: mutum ɓoyayye mai taka rawa, ɗan gajeren lokaci, damar dakatarwa a sake, da mai gyara. Babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta. Amfanin hoton kwamfutar dai shi ne yana ɓoye fuska, domin duk wanda ya taɓa gwada irin wannan da abokinsa ya san yadda take ƙarewa: ana haɗa ido sai dariya. To, a rataya labule, ko mai taka rawar ya koma ajin da ke kusa ya kira ta waya a buɗe lasifika. In an samu hedimasta ko nas da suka yi ritaya su taka rawar oga, ya fi, don su sun san irin amsar da ke kashe bakin yaro, sun sha ba da ita, sun kuma sha karɓarta.

Mutum uku sun isa: mai atisaye, mai taka rawa, da mai lura. A rubuta labarin a rabin takarda, a ɗauko shi daga abin da ɗaliban da suka dawo daga koyon aiki suka gani, amma a cire sunan mutum da na wuri. A yi minti biyar zuwa bakwai. Sai mai lura ya faɗi abu ɗaya tak da za a gyara, ba goma ba, misali "ka yi gaisuwar minti uku, ba ka ambaci nauyin yaron ba." Sai a sake nan take. Zagaye na biyun nan shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda lokaci ya ƙure, alhali a cikinsa ribar take. Wanda ya yarda ana iya naɗar muryarsa a waya ya saurari kansa, sannan a goge. Kada ta shiga guruf ɗin aji, don ranar da aka yi wa mutum ɗaya dariya a WhatsApp, ba wanda zai sake fitowa.

Masu babbar waya suna da wata hanyar. Manhajoji irin su ChatGPT suna iya taka rawa idan ka bayyana musu: kai ne shugaban makaranta mai saurin fushi, ni kuma sabon malami da ya zo ƙin ƙara maki. Suna da amfani wajen shirya hujja da jin irin amsar da za a iya ba ka, musamman da Turanci, kamar shirin ganawar neman aiki. Hausarsu kuwa takan yi tuntuɓe, sukan kuma yi saurin yarda da kai fiye da yadda ogan gaske zai yi, sai ka ce musu su ƙara tauri. Kada a rubuta musu sunan mara lafiya, ko na ɗalibi, ko sirrin ofis.

Ƙannenmu na sakandare ma suna da nasu darasin, kuma bai kamata ya jira jami'a ba. Benci biyu sun isa jirgi, jakunkunan makaranta su zama buhunan albasa, wani ya ɗaura rawani ya zama mai jirgi, sauran su zama fasinjoji masu gaggawar kasuwa da za su riƙa cewa "kai yaro, zauna mana." Wanda ke atisaye ya fara da "Baba, sannu da aiki, akwai rigar kariya kuwa?" ya hau zuwa "Baba, ruwa ya kusa bakin jirgi, ga shi ana ƙara kaya." Mataki na uku a nan ba magana ba ce kawai. Zai miƙe, ya kama hannun ƙanwarsa, ya ce "Ku yi haƙuri, mu za mu jira na gaba," ya sauka ana yi masa dariya, ko da mai jirgi ya ce kuɗin da aka biya ba ya dawowa.